Barci a Bakin Aska

Shekara guda ban taɓa kan mutum ba.
Baba Ilu ya miƙo mini tsintsiya da buta,
ya ce, "Fara daga ƙasa, can gashi ke ƙarewa."
A gindin dogon-yaro, a Yalwa ta Garwa,
inda rana ke narka kwalta tun da hantsi,
na share baƙi, na share furfura,
na haƙa rami bayan katanga na binne,
don gashin mutum ba abin bar wa iska ba ne.

Sai dutsen washi.
Gaba, baya, ɗigon ruwa, gaba, baya,
har na gane muryar ƙarfe in ya ƙoshi.
Sai duma. Ya shafe shi da laka, ya ce in aske.
Na yi masa tsaga goma sha ɗaya.
Ya jujjuya shi a hannu, ya ce, "Mun gode Allah,
duma ba shi da dangi."

Tsallaken titi akwai shagon gilashi,
hotunan 'yan ƙwallo, kiɗa, na'ura mai ƙugi,
dala ɗari kai guda.
In wuta ta ɗauke, sai ga mutum da rabin aski
yana tsallakowa, hula a karkace.
Ni dariya ke cina. Baba ko murmushi.
Ya ce, "Wanda ya cire maka hula ya ba ka ajiya:
sanƙo, makero, tabon sanda,
ƙullutun da ko matarsa ba ta san da shi ba.
Ka gani da yatsa, ka mance da baki."

Wannan ya gaishe mu da Fulatanci,
wancan da Larabcin direbobin Njamena,
ma'aikacin auduga da Faransanci.
Duk kunnen nan ake lanƙwasawa,
duk ƙeyar nan ke sunkuyawa.

Kan da na fara, na Hamajoda masunci ne,
yana ƙarnin Binuwai, yana ba da labarin dorina.
Na wuce ƙeya lafiya, na wuce tsakar kai,
da aski ya zo gaban goshi hannuna ya tuna kansa.
Jini, ɗan siriri kamar zare.
Da dare Baba ya ce, "Askar ba ta da laifi.
Kai kake kallon kanka, ka bar kallon nasa."

Na ce, "To yaushe zan rataya zabirata?"
Ya ce, "Ranar da wani ya yi barci
askarka na kan maƙogwaronsa."

Damina uku ina jira.
Suna rufe ido, amma ina ganin yatsun ƙafa
sun ƙanƙame tabarma.

Ran wata Juma'a a tsakiyar bazara,
shayi ya zube daga hannun Baba,
ya daɗe yana duban hannun kamar baƙo.
Ya cire hula, ya zauna inda ake zama.
Bai ce komai ba. Na jiƙa, na murza sabulu.
Bayan kunnen hagu na tarar da wani tsohon rami
wanda ba zan faɗa muku labarinsa ba.
Na bi furfurar a hankali, yadda ta kwanta,
na sauko gemu, na ɗaga haɓa,
sai kan ya yi nauyi a tafina,
nauyin tulun da ya cika.
Minshari.

Mutum uku na jira a kan benci,
ladan ya yi kiran farko,
ƙuda ya sauka mini a hanci.
Hannuna ya mutu har kafaɗa.
Ɗaya ya ce, "Yaro, tashe shi mana."
Na ɗora yatsa a leɓe,
kumfar na bushewa a bakin askar.