Ranar Farko a Jirgin Arzika

Idan gulbin Rima ya cika ya cinye hanyar mota,
sai a ba ni akwatin sanyi da takardar ƙauyuka:
kwana biyar kan ruwa, daga Wamakko a yi yamma.
Damina goma sha ɗaya ke nan,
kuma ranar farko tana da ƙa'idojinta
waɗanda ba su cikin littafin ofis.

Ba na karyawa a gida.
Masar Tumba nake saye a bakin mashigi, guda bakwai,
in ci uku a tsaye,
huɗun na mai jirgi ne, ko ya rantse ya ƙoshi.

Takalmi a hannu nake shiga, ƙafar dama a gaba.
Katako na uku daga baya shi ne nawa,
wanda ƙusarsa ta taɓa yaga mini zane;
na yafe mata, mun saba.
In cire agogo, in ƙulle a leda, in tura ƙasan jaka,
don gulbi bai san ƙarfe tara ba.
Akwatin allura tsakanin ƙafafuna
kamar ɗan da aka ba ni riƙo.

Sannan in yi bisimilla, in tsoma yatsu biyu,
in shafa bayan wuya.
Ba camfi ba ne, na sha faɗa wa masu zuba ido:
wanda za ka kwana biyar a gidansa
ai tun daga zaure kake gaishe shi.

Ba na ƙidaya mutanen jirgi.
Ba na waiwaye sai mun wuce giginyar nan mai karyayyen kai.
A nan Arzika ke rage inji,
ya ce, "Malama, yau baƙi muka ɗauko ko 'yan gida?"
In ce, "'Yan gida."
Ya yi dariya, ya ɓare goro, ya miƙo mini ƙaramin ɓarin.
Kullum ƙaramin. Ban taɓa ƙorafi ba sai a zuci.

Bana na iso da masa huɗu cikin takarda,
na tarar da yaro riƙe da igiyar jirgi.
Tsawon na Arzika ne, kafaɗun ba su kai ba tukuna.
Ya ce sunansa Nomau.
Ya ce bayan ƙaramar salla ne, zazzaɓin kwana uku.
Na tsaya da takalmi a hannu,
laka na kutsowa tsakanin yatsun ƙafata,
na rasa yadda ake yi da masa huɗu.

Shi ya karɓa.
Ya ci ɗaya, ya ɗora sauran kan inji don kada su huce.
Wata mai buhun albasa ta riga ni katakona,
ya ce, "Inna, gusa gaba kaɗan, nan wurin Malama ne."
Da na zauna na laluba da hannu:
an buge ƙusar, ta kwanta.

Muka tashi.
Ruwa ja wur, yana jan ciyawa da karan gonar wani,
dawa ta nutse har wuya tana leƙenmu,
balbelu jere a kan abin da jiya shinge ne.
Na tsoma yatsu biyu. Sanyin bai sake ba.

Da giginya ta zo ya rage inji,
ya gyara murya, ya ce, "Malama, yau..."
sai maganar ta ɓace masa.
Na ce, "'Yan gida."
Ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana laluben aljihu,
ya ɓare goro,
ya miƙo mini babban ɓarin.

Ashe ba komai uban ya gaya masa ba.
Na karɓa, ban gyara masa ba,
na yi ta tauna har ɗacin ya koma zaƙi.

Sai da rufin ƙauyen farko ya ɓullo,
mata a gaɓa da jarirai suna ɗaga hannu,
na kai hannu zan buɗe akwati,
na ga agogo a wuyan hannuna, yana ta tafiyarsa.
Ƙarfe tara da kwata.