Cokula a Valparaíso

Ƙarfe uku na dare, Tadeo na jera cokula
a bakin taga, ƙanana gaba, manya baya.
Jirgin ruwa ya yi kuka,
ya saki cokali, ya toshe kunne.

Anselmo, ranar da likita ta ce galahanga
ko uffan ba ka ce ba.
Shirunka ya kwana a ƙirjina wata shida.

Ni ma na sani,
in na shigo fuska a murtuke
kafaɗarka ke fara faɗuwa.

Jiya ka dawo daga kasuwar kifi baki har kunne,
wai ya kama hannunka a matakalar tudu,
shi da kansa.
Na ci abinci har da ƙari.

Je ka kwanta.
Yau ni ce da cokulan.