Taka Mu Gani

Ni mai ɗori ne a Aliero,
gadon kaka ne, ba karatu ba.
Hannuna kan riga baki sanin inda ƙashi ya goce.

Ran Juma'a, ana sallamewa,
Honarabul Namakka ya miƙe gaban sahu
ya karɓi lasifika hannun ladan.
Ya rame, wannan gaskiya ne.
Furfura ta sauko masa har gemu,
turaren Umara na riga shi isowa.
Ya ce: Jama'a, na tuba.
Wancan da kuka sani ya mutu, wannan wani ne.
Ya yi kuka. Na ga hawayen da idona.
Aka yi kabbara daga baya.
Arzika, da ke gefena, kai a ƙasa,
yana ta tsinkar zaren tabarma.

Arzikan nan ne ya sayar da sansa, bana shekara bakwai,
ya zuba a asusun rumbun albasa,
rumbu mai shan iska da Namakka ya ce zai gina
don kada ta ƙara ruɓe mana kafin ta yi kuɗi.
Filin yana nan hanyar Jega.
Bulo jeri uku, da allo mai hotonsa.
Rana ta cinye fuskar, ta bar hular.

Ban ce mutum ba ya sakewa ba.
Ƙanena Hakilu ya taɓa satar buhu shida a gonar mutane.
Da tuba ta kama shi, bai nemi lasifika ba.
Cikin dare ya yi sawu shida, buhu a ka,
ya kwana uku wuyansa bai juyu ba.
Ni na murza masa shi.

Akwai masu zo mini da tsohuwar karaya
wadda ta haɗe a karkace,
su ce: Ai ta warke, ba ta ciwo.
Ba na musu da su.
Cewa nake: Tashi, taka mu gani.
Ƙasa ba ta karɓar rantsuwa.
In ta karkace, magani ɗaya ne,
a sake karyawa, a jera, a ɗaure da kara,
a yi kwana arba'in ba a zuwa ko'ina.
Da yawa daga nan suke neman takalmansu.

Ƙofar tuba a buɗe take,
ba a kuma ba ni gadinta ba.
Tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ina yi masa fatan dacewa.
Amma me ya sa tubar ba ta zo da damina ba,
sai da aka fara manna fasta?

Da yamma yaransa suka bi gida gida
da taliya da turmin atamfa.
Kulu ta karɓa, ta ce ai kuɗinmu ne ya dawo a rame.

Ya ba ni hannu a ƙofar masallaci.
Sabo ya sa na ɗan latsa.
Laushi kawai na ji, ban kai ga ƙashi ba.

Honarabul, babban yatsana guda ne,
da shi nake ɗori, da shi nake dangwalawa.
Daga inda ka yi kuka zuwa zauren Arzika
bai fi taku ɗari biyu ba.
Tashi, taka mu gani.