Alif Ɗin Kakana

A lungun majema na Kufa kakana Zurara ya tsufa.
Tumaki ɗari uku kan faɗi kafin ya sauke Mus'hafi guda,
don fata ce takardarsa:
a jiƙa, a kankare, a shanya,
sannan ya fere karan fadamar Wasiɗ,
bakinsa da faɗi kamar ruwan gatari.

Layi biyar a shafi, ba ya ƙari.
Alif a tsaye, ƙafa ta ɗan karkata dama,
kamar mai jiran liman ya ta da kabbara.
Kaf kuwa sai ya ja shi, ya ja shi,
har numfashina ya ƙare wajen kallo.
Baƙi ba ɗigo. Jar tawada kaɗai
yake ɗigawa nan da can, wasali ke nan.
"Wanda ya haddace zai gane," in ji shi,
"wanda bai haddace ba ya nemi malami."

Shekarar da Furatu ya cinye gonakin dabino
takarda ta iso daga Bagadaza, dami-dami,
da sabon hannu mai taushin gaɓa,
mai sauri, mai sauƙin karatu.
Masu saye suka juya baya.
"Araha ba ta ado," ya ce.
Amma tukunya ba ta tafasa da ado.
Yana ta rufe masa ido, ya rataye gafaka.

Ni ban gaji alƙalami ba, tafina kaushi ne.
Na bi Bahram magini, na koyi guduma,
a can na gane dutse ba ya son lanƙwasa:
kusurwa yake so, da miƙaƙƙen layi.
Abin da takarda ta kora
bangon masallaci ya yi masa shimfiɗa.

Wata bakwai ina sassaƙa aya ɗaya bisa mihrabi.
Da na gaji da tsandaurinsu
sai na tsirar wa kowane alif ganyen inabi a ka.

Ranar da aka kwance katako na goyo shi,
na ɗora yatsunsa inda hannu ke kaiwa.
Ya shafa, ya shafa, leɓensa na motsi.
"Wa ya ce ka sa masa ganye?"
Na yi shiru.
"Lam ɗinka ma ya gaza da ƙwayar sha'ir."

Har ladan ya kira la'asar
bai ɗauke hannunsa ba.