Layi Biyu a Littafin Haihuwa

Ƙarshen wata ne, an bar ni da littafin.
Ruwa na dukan kwanon ɗakin haihuwa,
janareta na tari a bayan taga,
ni kuma da biro da rula
na raba matan Agege gida biyu:
masu ciki mai haɗari a dama,
masu lafiyayyen ciki a hagu.
Wadda aka yi wa tiyata, in ɗiga mata ja.

Dama ta yi ja, ban yi mamaki ba.
Ga Tabawa mai kokon bakin tasha,
hawan jini ya kumbura ta har takalmi ya ƙi ƙafarta.
Ga Morenike, mabiyiya ta tare wa ɗanta ƙofa.
Ga wata 'yar Mushin, nata ya kwanta a gicciye
kamar danfo ta mace a tsakiyar gada.
Waɗannan wuƙa ce ta fanshe su,
na ga hannun da ya riƙe ta, bai yi rawa ba.

Hagu ce ta hana ni gyangyaɗi.
Me ja ya zo nema a nan?
Jini daidai, kan ɗa a ƙasa, awo bai taɓa wuce su ba,
amma ga ɗigo, ga ɗigo, ga wani ɗigon.
Na bi kwanan wata da yatsa:
yammacin Juma'a ya fi kowa shan ja.
Ban ce komai ba. Likita ma mutum ne,
gidansa na can Ikorodu,
naƙuda kuwa ba ta duba agogo.
Wata ita ta roƙa da bakinta,
yayarta a kan gwiwa ta tafi.
Wata mijinta ya biya tun ba a tambaye shi ba.
Wata fayil ya ce "an ga ya dace,"
iyakarsa ke nan.

Sai suna guda a dama, babu ja:
Kande Ɗanlami, gado na tara.
Tun la'asar aka ce a shiga da ita.
Mijinta, mai albasa a Mil Sha Biyu,
ya fita neman kuɗin jini da na zare,
ruwa ya cinye hanya,
gyatumarsa a waya tana cewa
a zuri'arsu ba a yanka mace.
Da asuba ya dawo, kuɗin a leda, shi a jiƙe.
Na miƙa masa kujera.
Littafin ba shi da layi na uku.

Ni ma ina da nawa a ƙasan cibiya,
tabo mai tsawon taƙi,
yakan yi ƙaiƙayi in hadari ya haɗo.
Shekara goma sha ɗaya ke nan,
yaron na aji shida, ba ya raga wa tuwo.
Har yau ban san layin da aka rubuta ni ba.
An ce sa hannu, na sa.

Gobe za a kai lissafin ofishin sama,
a mai da shi kaso kaza cikin ɗari,
a haska a bango, a sha lemo.
Kaso bai san zafin ɗinki ba,
bai taɓa dafe ciki kafin ya yi atishawa ba.

A ɗaki na biyu wata ta fara nishi.
Sista Ebere ta leƙo: "Hansatu, sabon kati."
Na rufe jan biron na jefa a aljihu,
na tafi da shuɗin a hannu.