Kwalabe a Firij

Wasiƙar ta zo ran Litinin
cikin farin ambulan mai tambarin hukuma.
Layi huɗu ne kacal.
A tsaye na karanta, takalman roba a ƙafata,
laka tana bushewa a bakin ƙofa.
"An sake duba kasafi," in ji su.
Sake dubawa, wai,
irin duban da mahauci ke yi wa akuya.

Shekara goma sha tara ina shiga kogin nan,
cikin tsaunukan Wales, inda tumaki suka fi mutane yawa.
Kowace Talata, ko yayyafi ko ƙanƙara,
ruwa har gwiwa, sanyi har ɓargo,
in cika kwalba a ƙarƙashin gadar dutse,
in cika wata a bayan gonar kaji,
in rubuta rana da sa'a a kan murfi.
Da haka muka kama bututun da ke amai cikin dare,
aka toshe bakinsa,
kifi ya dawo yana tsalle a gaban makaranta,
yara suka manta da ƙararrawa.

Mu biyar ne a ɗan ofishinmu.
Gethin, wanda ya san ramin kowane karen ruwa,
yanzu motar kai kaya yake tuƙawa a Cardiff.
Ya ce in ya hau gada ba ya waiwaye.
Nerys ta kwashe taswirorinta a kwalin biskit,
ta bar mini makulli da rabin gwangwanin shayi.
Sauran biyun ko sallama ba mu yi ba,
kunya ta hana,
sai ka ce mu muka yi laifin.

Dashe dubu biyu da muka sayo don su riƙe gaɓa
suna nan cikin ledoji a bayan gini.
Kuɗin shinge ne bai fito ba.
Saiwoyinsu na zagaya kansu, suna neman ƙasa,
gaɓar kuwa tana zubewa loma-loma.

Da bazara ta yi, ruwan ya koma kore.
Gansakuka ta shimfiɗa bargo a kan tsakuwa
daidai inda kifi ke zuba ƙwai.
Tsoho Emrys ya tare ni da sandarsa:
"Carys, kogin nan yana wari.
Me takardunku suka ce?"
Na ce babu takarda, baba.
Ya daɗe yana kallona.

Ruwa ba ya tsami banza,
amma in babu mai ɗanɗanawa, wa zai ce ya yi tsami?
A rahoton bana an bar layinmu fari fat,
kuma a idon mai lissafi
fari tsabta ne.

Ban daina zuwa ba.
Ƙafa ta saba, ba ta jin Turancin wasiƙa.
Talata na yi, sai in tsinci kaina a ƙarƙashin gada,
hannu ya ƙage, kwalba na gulgul.
Ɗakin gwaji ba ya karɓa sai da lambar biya,
ni kuwa lambata ta mutu tun watan Afrilu.
Sai in kawo gida,
in buɗe firij, in matsar da madara.

Yanzu sun kai talatin da ɗaya.
Na farkon garau suke,
na tsakiya kamar ruwan wankin shinkafa,
na jiya kuwa, ko ba a gwada ba.

Ɗazu jikata Mali ta miƙa hannu za ta sha,
na yi tsawar da ban san ina da ita ba.
Ta tsaya, ido ya cika da ƙwalla:
"Kaka, ba ruwan kogi ba ne?"

Na ce shi ne.
"To me ya sa kike ɓoye shi?"

Na rufe firij.
Daga taga ina jin sa yana wucewa cikin duhu,
yana ɗauke da abin da aka zuba masa yau,
ba wanda ya aika masa wasiƙa.