Ba a Ga Komai Ba

Ranar Laraba ce basilla ta fara kuɓuce mini.
Ina tsakiyar ɗinkin alabe, jar fata bisa cinya,
sai babban yatsa ya yi shiru
kamar wanda aka kira da sunan da ba nasa ba.
Na yarfe hannu, na ce sanyin asuba ne.
Yau shekara uku, hantsi bai fito ba.

Da dare tururuwa ke hawan ƙafata ta hagu.
In haska tocila, ko ɗaya babu.
Wata rana magana ta taso daga ciki,
ta iso baki ta tsaya cak,
kamar ɗan garuwa da ya iske famfo a bushe.
Jibi kuma in tashi garau,
in taka daga Birni har Kasuwar Dole,
masu gani su ce: to, ina ciwon?

A babban asibiti sun ɗebi jini sau bakwai.
Likita ya ƙwanƙwasa mini gwiwa da ƴar guduma,
gwiwa ta amsa, munafuka.
Ya ce in taɓa hancina ido rufe, na taɓa.
Ya ce gajiya ce, ya rubuta bitamin.
Wani ya ce tunani ne, in rage.
Da mudu ake awonsa, in rage rabi?

Harira ta saida ƴan kunnenta, na saida ragon layya.
Yini guda cur a mota zuwa Yamai,
suka zura ni cikin wani kabari mai ƙara,
suka ɗauko hoton abin da ke cikin kaina.
Takarda ta fito: ba a ga komai ba.
Da na dawo, unguwa ta cika zaure da barka.
Na karɓa da hannun dama,
na hagu na cikin aljihu yana rawarsa.

Sunaye kam ban rasa ba.
Gwaggo Tsahara ta ce sammu ne, daga rumfar gabas.
Wanzami ya ce mataccen jini, ya kafa ƙaho shida.
Na sha rubutu, na shaƙi hayaƙi har bargona ya ɗau wari.
Kowa ya raɗa wa abin suna ya tafi gida,
abin bai amsa ko ɗaya ba.

Allah ya yafe mini,
na yi hassadar Ma'azu mai shayi da ciwon sugansa.
Shi ya san abokin gabarsa,
ya san abin da zai bari a kwano.
Ni kokawa nake da wanda bai shigo fili ba,
ga ƙasa a bayana, ba mai shaidar kaye.

Babana ya koya mini duba fata:
kar ka yarda da ido, rini na rufe aibi,
bi ta da yatsa, inda ta yi sirara za ka ji.
To ni na ji.
Fatar nan tawa ce, shekara arba'in da shida nake sanye da ita.

Yanzu Nafi'u ke zura mini zare kafin ya tafi lakwal.
Na sayi ƙaramin kaye, ina rubutawa:
Asabar, yatsu biyu, daga azahar zuwa la'asar.
Litinin, ƙofa ta zama biyu a idona.
Talata, lafiya lau, har na ji tsoro.

An ce akwai wata likitar jijiya a Kano, sai bayan salla.
Ban ce ta warkar da ni ba.
Ta karanta kayen nan har ƙarshe,
ta ɗago kai ta ce: na san shi, ga sunansa.
Ko ta ce: ban san shi ba, amma yana nan.

Da marece nakan zauna gindin duwatsun bayan gidanmu.
Akwai wani babba da ya tsage bara, ba ruwa ba tsawa.
Har ranar da ya buɗe,
yara na hawansa suna cewa lafiyarsa ƙalau.